Yadda Mai Gabatar da Shirin Wasanni Zai Ba da Labarin Ɗan Wasan da Ya Bayyana Cewa Jinsinsa Yake Nema

Duk wanda ya taɓa gabatar da shirin wasanni a gidan rediyo a Garwa ko Marwa ko Gaundare, ko a ƙetaren kogi a Njamena, ya san cewa bayan labarin Coton Sport da na ƙungiyar ƙasa, abin da masu sauraro suka fi jira shi ne ƙwallon Turai, wadda suke kallo a gidajen kallo na unguwa ta Canal+, suke kuma gardama a kanta a teburin mai shayi har dare ya raba. Saboda haka duk abin da ya sami ɗan wasa a Ingila ko Faransa ko Italiya sai ya iso gare mu, kuma cikin abubuwan da ke isowa a 'yan shekarun nan akwai labarin ɗan wasan da ya fito fili ya ce shi namiji ɗan'uwansa yake so, ko 'yar wasan da ta ce ita mace take so. Irin wannan labari yakan shigo wayar mai gabatarwa ta WhatsApp ana dab da shiga ɗakin watsa shiri, kuma da yawa ba su san yadda za su yi da shi ba. Wani ya yi shiru kamar abin bai faru ba, wani ya mai da shi abin dariya, wani kuma ya buɗe layin waya ya bar jama'a su faɗi duk abin da ya zo bakinsu. Na yi wannan rubutu ne domin matasan da suka shigo aikin rediyo, da masu riƙe da shafukan wasanni a Facebook, waɗanda a yau wasunsu sun fi wata tashar yawan mabiya.

Matsayin addininmu a kan luwaɗi da maɗigo sananne ne, malamai sun yi bayaninsa, kuma dokokin Kamaru da na Cadi sun haramta su. Ba a buƙatar mai gabatar da shiri ya sauya aƙidarsa kafin ya yi aikinsa da kyau. Abin da ya dame ni shi ne, a ƙasashenmu magana ɗaya da ta fita daga makirufo ba tare da tunani ba tana iya kai yaron wani gidan yari, ko ta raba shi da iyayensa, ko ta jawo a kashe shi, alhali labarin da aka fara da shi na wani Bature ne da ke zaune lafiya a garinsu. Mai riƙe da makirufo shi ne zai amsa wannan a gaban Allah da gaban kotu.

Ka fara tambaya: daga bakin wa maganar ta fito?

Labaran nan iri biyu ne, kuma dole ka rarrabe su kafin ka rubuta ko da jimla ɗaya. Akwai wanda mutum ya faɗa da bakinsa a kan kansa, akwai kuma wanda wani ya faɗa a kansa. Na farkon labari ne da za ka iya bayarwa idan ka ga ya dace da shirinka. Na biyun ƙazafi ne idan ƙarya ce, tonon silili ne idan gaskiya ce, kuma a duka halin biyu ba shi da wuri a shirinka, komai girman jaridar da ta fara buga shi da yawan shafukan da suka kwafa.

Gane na farkon ba shi da wuya, domin 'yan wasan da suka yi irin wannan sanarwa da kansu sun bi hanya kusan iri ɗaya. Jason Collins, ɗan ƙwallon kwando na Amurka, ya yi rubutu da sunansa a mujallar Sports Illustrated a watan Afrilun 2013. Thomas Hitzlsperger, wanda ya buga wa Jamus wasa 52 ya kuma taka leda a Aston Villa da Stuttgart, ya yi hira da jaridar Die Zeit a Janairun 2014, 'yan watanni bayan ya ajiye takalmi. Josh Cavallo ya yi magana a bidiyon da ƙungiyarsa, Adelaide United ta Ostareliya, ta wallafa a Oktoban 2021. Jake Daniels na Blackpool ya fitar da sanarwa a shafin ƙungiyarsa ya kuma yi hira da Sky Sports a Mayun 2022, yana ɗan shekara 17. Jakub Jankto na ƙasar Cek ya saka bidiyo a shafinsa a Fabrairun 2023. A kowane ɗaya daga cikinsu akwai fuskar mutumin, da muryarsa ko sa hannunsa, akwai kuma ƙungiya ko babbar kafa da ta tsaya a bayan maganar. To, idan labari ya iso wayarka, sai ka duba wurare uku: shafin ɗan wasan na gaskiya, shafin ƙungiyarsa, da wata kafa da ke da editoci masu amsa laifinsu, irin su RFI ko BBC ko L'Équipe. Idan ka rasa shi a ɗaya daga cikin ukun, ka dakata. Hoton rubutu da aka ɗauka daga allon waya ba hujja ba ce, domin yaro ma yana iya haɗa shi cikin minti biyar, kuma yanzu da ake da manhajojin da ke kwaikwayon murya da fuskar mutum, ko bidiyon da ke yawo a WhatsApp sai an nemi asalin inda ya fito.

Ko shafin ɗan wasan kansa bai isa ba shi kaɗai. A ranar 9 ga Oktoban 2022 aka ga rubutu a shafin Twitter na Iker Casillas, tsohon mai tsaron gidan Real Madrid da Sifen, yana cewa shi mai neman maza ne kuma yana fatan a girmama shi, Carles Puyol, tsohon kyaftin ɗin Barcelona, kuma ya ba shi amsar da ta ƙara rura wutar. Cikin sa'o'i kaɗan aka goge rubutun, Casillas ya ce an yi masa kutse a shafi, Puyol kuma ya nemi gafara ya ce wasa ne marar kyau ya yi. Duk tashar da ta yi gaggawar karanta wannan a matsayin labari a ranar ta faɗa wa masu sauraronta abin da mai shi ya ƙaryata kafin dare. Jinkirin yini guda ba ya rage wa shirinka komai, kuma mai sauraro yana saurin manta wanda ya riga kowa, amma ba ya manta wanda ya yi masa ƙarya.

Game da wanda aka tona ba da sonsa ba, abin da ya sami Billie Jean King ya isa misali. Tana cikin manyan 'yan wasan tanis na duniya lokacin da wata mata ta kai ta kotu a 1981, ƙarar ta fallasa dangantakarsu, kamfanonin da ke ɗaukar nauyinta kuma suka janye nan take. Wannan a Amurka ke nan, ga mace mai suna da kuɗi da lauyoyi. Mu kuma muna da abin da ya fi ƙa'idar aikin jarida nauyi a kanmu. Aya ta 6 ta Suratul Hujurat ta umarce mu da bin diddigin labari kafin mu cutar da mutane cikin jahilci mu dawo muna nadama, aya ta 12 ta hana mu mummunan zato da binciken asirin mutane da cin naman juna, Suratun Nur kuma ta tsananta hukuncin wanda ya jefi wani da alfasha bai kawo shaidu huɗu ba. Wanda ya ce kishin addini ne ya sa shi yaɗa jita-jita a kan ɗan wasa, ya fara karanta waɗannan ayoyi tukuna.

Me ya sa ma abin ya zama labari?

Mai gabatarwa yana da 'yancin ya bar labarin gaba ɗaya idan shirinsa na sakamakon wasanni ne kawai, kuma babu laifi a hakan. Amma idan jama'a sun riga sun ji, suna magana a kansa a kasuwa da tashar mota, gara su ji shi daidai daga bakinka. A nan kana buƙatar ka san tarihin abin, domin mai sauraro zai tambaya me ya sa duniya ta ɗauki maganar Jake Daniels, yaro ɗan shekara 17 da ke wasa a rukuni na biyu na Ingila a lokacin, da irin wannan muhimmanci.

Amsar tana cikin labarin Justin Fashanu. An haife shi a Landan a 1961, mahaifinsa ɗan Nijeriya ne, ya tashi a hannun marika tare da ƙanensa John. Ya yi suna a Norwich, kuma a 1981 Nottingham Forest ta saye shi a kan fam miliyan ɗaya, ya zama baƙar fata na farko da aka saya a wannan farashi a ƙwallon Ingila. Zamansa da koci Brian Clough bai yi daɗi ba, rauni a gwiwa kuma ya rage masa ƙarfi, ya riƙa yawo daga wannan ƙungiya zuwa waccan. A Oktoban 1990 ya bayyana a jaridar The Sun cewa shi mai neman maza ne. 'Yan kallo suka riƙa zaginsa a filaye, ƙanensa ya nisanta kansa da shi a bainar jama'a, abin da daga baya ya ce ya yi nadama a kai. A 1998 wani matashi ɗan shekara 17 a jihar Maryland ta Amurka ya zarge shi da cin zarafi, ya koma Landan, a watan Mayu na wannan shekarar kuma ya kashe kansa yana da shekara 37, ya bar takarda yana musanta zargin, yana cewa ba ya ganin za a yi masa adalci. Daga sanarwarsa zuwa ta Jake Daniels an yi kusan shekara 32 ba a sami wani ƙwararren ɗan ƙwallo namiji mai wasa a Ingila da ya sake faɗin haka ba. Idan za ka ba da labarin Fashanu, ka ba da shi cikakke, da zargin da musantawar, kuma kada ka bayyana yadda ya kashe kansa, domin cikin masu sauraronka akwai wanda ke cikin ƙunci, bai kamata a koya masa hanya ba.

A wajen mata abin ya sha bamban. A fagen tanis Martina Navratilova ta bayyana tun 1981, Amélie Mauresmo ta Faransa a 1999, 'yar ƙwallon Amurka Megan Rapinoe kuma ta yi shekaru da bayyanawa kafin ta ci kyautar Ballon d'Or a 2019, shi ya sa irin wannan sanarwa daga 'yar wasa ba ta cika tayar da ƙura a Turai ba.

Yadda za ka tsara shi

Ka rubuta labarin a takarda kafin ka shiga, kada ka dogara da abin da zai zo bakinka, domin a irin wannan batu harshe yakan zame zuwa zagi ko zuwa raha ba tare da mutum ya shirya ba. Ka fara da wanene ɗan wasan a fagen ƙwallo, sannan abin da ya faɗa da inda ya faɗe shi, sannan martanin ƙungiyarsa, ka tsaya. Ga yadda za a iya karanta na Jankto a ranar da ya faru: "Ɗan wasan tsakiya na ƙasar Cek, Jakub Jankto, wanda Getafe ta Sifen ta ba Sparta Prague aro, ya sanar a wani bidiyo da ya saka a shafinsa cewa shi mai neman jinsinsa ne, kuma ba ya son ya ci gaba da ɓoyewa. Ƙungiyarsa ta ce tana tare da shi. Jankto ya buga wa ƙasarsa wasa fiye da 40, ya kuma taka leda a Udinese da Sampdoria ta Italiya." Wannan ya wadatar. Babu yabo a ciki, babu tsinuwa, kuma babu abin da mai sauraro zai ce ka ƙara daga aljihunka.

A labarai ka yi amfani da lafazin da ke bayyana abin kawai, kamar "mai neman jinsinsa", ka bar kalmomin da samari ke jifan juna da su a fili. Kada ka kira shi ɗan daudu, domin daudanci wani abu ne daban a al'adarmu, kuma haɗa su yana jawo wa masu sayar da abinci a tasha fitinar da ba su san hawa ba balle sauka. Kada ka shiga bayanin abin da ke faruwa a ɗakin kwana, wanda ba ka yi a kan kowane ɗan wasa mai mata, ga shi kuma yara suna saurare tare da iyayensu. Haka nan ka kiyayi gwamutsa wannan batu da na 'yan wasa mata da hukumomi ke tuhumar halittarsu. Rigimar Caster Semenya da hukumar guje-guje ta duniya, da hana Barbra Banda ta Zambiya buga gasar cin kofin Afirka ta mata a Maroko a 2022, magana ce ta sinadaran jiki da ƙa'idojin shiga gasa, ba ta shafi wanda mutum ke so ba.

Tsayawa a kan labari tsantsa yana kare ka ta ɓangare biyu. A 2023 hukumar kula da kafofin sadarwa ta Kamaru, wato CNC, ta gargaɗi tashoshi a kan shirye-shiryen da take ganin suna tallata luwaɗi, har ta dakatar da tashar Canal+ Elles. Cadi ma tana da tata hukumar, HAMA. Mai gabatarwar da ya karanta abin da ya faru bai ƙara gishiri ba, babu mai cewa ya yi talla, babu kuma mai cewa ya tunzura jama'a.

Kada ka dawo da maganar gida

Wannan ne wurin da aka fi yin ɓarna, kuma sau da yawa ba da mugun nufi ba. Mai gabatarwa ya gama karanta labarin Bature, sai ya so ya ɗumama shirin, ya ce: "To, ko a cikin 'yan wasanmu na nan akwai irinsu?" Da wannan tambaya ya buɗe ƙofar da ba zai iya rufewa ba. A gari irin Garwa ko Kusuri kowa ya san kowa, kuma ba sai an kira suna ba: idan aka ce "wani mai tsaron gida a wata ƙungiyar unguwa da ya ƙi yin aure", kafin la'asar an riga an nuna mutum da yatsa, ko da kuwa rashin sadaki ne ya hana shi auren.

Ka san abin da zargin ke jawowa a ƙarƙashin doka. Sashe na 347-1 na kundin hukunta laifuka na Kamaru na 2016 ya tanadi ɗaurin wata 6 zuwa shekara 5 da tarar sefa 20,000 zuwa 200,000. Sashe na 354 na kundin Cadi na 2017 ya tanadi ɗaurin wata 3 zuwa shekara 2 da tarar sefa 50,000 zuwa 500,000. An kuma sha kama mutane a kan zato da tsegumin maƙwabta. Roger Jean-Claude Mbédé ya sami hukuncin shekara 3 a 2011 a kan saƙon waya da ya aika wa wani namiji, ya fito daga kurkuku da rashin lafiya, ya rasu a Janairun 2014. Abin da ke wajen kotu ya fi wannan muni. A Yulin 2013 aka tsinci gawar ɗan jarida Eric Ohena Lembembe a gidansa a Yawunde da alamun azabtarwa. A Afirka ta Kudu, ƙasar da ta halatta auren jinsi tun 2006, an yi wa Eudy Simelane, tsohuwar 'yar wasan ƙungiyar ƙasa ta Banyana Banyana wadda ba ta ɓoye rayuwarta ba, fyaɗe aka kashe ta a KwaThema a Afrilun 2008. Wanda ya ɗauki doka a hannunsa ba ya tambayar ko zargin gaskiya ne, kuma babu malami na ƙwarai da ya ba wa taron samari izinin yanke wa kowa hukunci a kan titi.

Aikin jarida a Kamaru yana da nasa tabon a nan. A farkon 2006 wasu jaridu suka buga jerin sunayen mutane da dama, ministoci da mawaƙa da 'yan wasa, suna cewa masu neman maza ne, ba tare da wata hujja ba. Jaridun sun yi kasuwa na 'yan kwanaki, wasu daga cikin waɗanda aka ambata suka garzaya kotu, aka yanke wa wani mai jarida ɗaurin wata 4 saboda ɓata suna. Manyan da ke cikin jerin suna da lauyoyin da za su wanke su, amma yaron da ke buga ƙwallo a filin ƙasa a Marwa ba shi da kowa. Kai ma kana da abin tsoro: sashe na 305 na kundin Kamaru yana hukunta ɓata suna, dokar 2010 kan laifukan intanet kuma tana hukunta wanda ya yaɗa labarin da ba zai iya tabbatar da gaskiyarsa ba, kuma wannan ya haɗa da mai shafin Facebook.

Ina roƙon a ƙara kula da 'yan mata masu buga ƙwallo a Arewa. Yarinyar da ta samu iyayenta suka bar ta ta shiga fili ta riga ta sha gwagwarmaya kafin ta kai nan. Gajeren gashi, da wando, da tafiyar ɗan wasa ba shaidar komai ba ne illa horo, amma raha ɗaya a rediyo cewa "ai 'yan ƙwallon mata duk haka suke" ta isa ta sa uba ya hana 'yarsa fita, ta sa mai neman aurenta ya janye.

Layin waya da sharhin masu bibiya

Idan ka yanke shawarar karɓar kira, ka faɗi sharaɗin tun farko, cewa kowa yana da damar faɗin ra'ayinsa amma ba a kiran sunan kowa na gida, ba a siffanta shi, ba a kuma kiran a cutar da wani. Ka sa abokin aikinka ya fara ɗaukar wayar ya ji abin da mai kiran zai ce kafin a haɗa shi, yatsanka kuma ya kasance kusa da maɓallin yankewa. Yawancin masu kira za su ce abin haramun ne, kuma wannan ra'ayinsu ne da suke da haƙƙin faɗa, ba aikinka ba ne ka yi musu da su. Inda za ka shiga shi ne idan magana ta karkata zuwa mutum. Ga dattijo sai ka ce: "Alhaji, Allah ya ƙara girma, mun ji bayaninka, amma a shirin nan ba ma ambaton kowa, mun gode." Ga saurayi: "Ɗan'uwa, tsaya nan, abin da ba ka gani da idonka ba kada ka ɗora wa kanka nauyinsa." Sannan ka wuce ba tare da ka maimaita abin da ya faɗa ba. A Facebook kuwa, idan ba ka da lokacin zama kana goge sunaye da hotunan da mutane za su saka, ka rufe wurin sharhi a kan wannan labarin tun daga farko. Idan kuma suna ya riga ya kuɓuce a iska, ka janye maganar a cikin shirin nan take, ka ce tashar ba ta da wata hujja a kai, ka kuma cire wurin daga sautin da za a saka a intanet.

Adalci ga ɗaya ɓangaren

Wani labarin da ke zuwa kusan kowace shekara a watan Mayu shi ne na 'yan wasa Musulmi a Faransa da suka ƙi sa riga mai alamar bakan gizo, wato tutar masu neman jinsinsu. A Mayun 2022 Idrissa Gana Gueye bai buga wa PSG wasanta da Montpellier ba, aka yi ta ce-ce-ku-ce, shugaban Senegal na lokacin, Macky Sall, ya fito ya mara masa baya. A Mayun 2024 Mohamed Camara na Mali ya rufe alamar da ke ƙirjin rigarsa ta Monaco, aka dakatar da shi wasa 4. A gasar cin kofin duniya ta Katar a 2022 kuma ƙasashen Turai 7 suka fasa ɗaura ƙyallen OneLove, wanda kyaftin ke ɗaurawa a damtse don nuna adawa da tsangwamar masu neman jinsinsu da sauran nau'o'in wariya, bayan FIFA ta ce za a ba kyaftin ɗinsu katin gargaɗi. Masu sauraronmu suna tare da Gueye da Camara, kuma ƙa'idar da ka bi a kan Jankto ita za ka bi a kansu: ka faɗi abin da suka yi, da abin da hukumar gasar ta ce, da abin da su ko ƙungiyarsu suka ce, kada ka sa musu magana a baki. Ka kuma bayyana cewa hukumar gasar ta ce manufarta ita ce yaƙi da zagi da tsangwama a filaye, domin mai sauraro ya san abin da kowane ɓangare ke nufi. Ƙin sa riga da mutum ya yi saboda imaninsa bai zama izinin zagin wani ba, kuma kada ka bar mai kira ya mai da shi haka.

Idan ɗan wasa na gida ya faɗa maka sirrinsa

Wannan yana iya faruwa, domin mai gabatar da wasanni yana tafiya da 'yan wasa, yana cin abinci da su, wani lokaci shi ne babban da yaro ya fi sakewa da shi. Abin da ya faɗa maka amana ce, ba ta shiga shiri, ba ta zuwa kunnen editanka ko kocinsa ko matarka. Kada ka ɗauki muryarsa, kada ka rubuta a littafinka, kuma idan ta waya ya aiko, ka goge saƙon ka ce masa shi ma ya goge, tun da waya tana ɓata, ana ƙwace ta, ana kai ta gyara. Kada ka zuga shi ya yi abin da Daniels ko Cavallo suka yi, domin su suna da doka da ƙungiya da 'yan sanda a bayansu, kuma duk da haka Cavallo ya sha zagi a fili a Melbourne a Janairun 2022, ya kuma ce ana aiko masa da barazanar kisa. Kada kuma ka yi masa alkawarin hanyar fita waje ko takardar mafaka da ba ta hannunka.

Idan kana ganin wajibinka ne ka yi masa nasiha ta addini, ka yi ta tsakaninka da shi, da taushin murya, ba tare da barazanar tona shi ba. Idan wani ne ke karɓar kuɗi a hannunsa da sunan rufa masa asiri, ko an kama shi, abin da yake buƙata lauya ne, kuma akwai lauyoyi a Duwala da Yawunde da suka daɗe suna karɓar irin waɗannan shari'o'i, irin su Alice Nkom. Ka kuma saurari yadda yake magana a kan kansa. Idan ya daina barci da cin abinci, ya fara rarraba kayansa, ko yana cewa gara ya huta da duniya, kada ka bar shi shi kaɗai a daren nan. Ka zauna da shi, ka kawar da abin da zai iya cutar da kansa da shi, da safe ka raka shi wurin likita, kuma abin da likitan ke buƙatar ji daga bakinka shi ne halin ƙuncin da yake ciki, sauran bayanin kuwa shi ne zai zaɓi ya faɗa ko ya bari.